A BINCIKI MAI KAFIN A KWANCE FAMFO

Yau ba maganar iri ko taki zan kawo muku ba. Maganar injin gas ce, watau injin dizal, wanda ke cikin a-kori-kurar ƙungiya, da tarakta, da injin niƙa. Na daɗe ina ganin wata ɓarna da ke cinye kuɗin ƙungiyoyinmu a ɓoye, na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a fili, wanda ya ga gyara kuma ya rubuto.

A ranin da ya wuce ina cikin motar wata ƙungiya ta ƙasar Gezawa, mun ɗauko kwandunan tumatir tun da asuba za mu kasuwar 'Yankaba. Muna kan hanyar Haɗeja, ba mu kai ga shiga Kano ba, sai mota ta fara shessheƙa. Direba ya taka totur, ba ta amsa ba. Ta yi tafiya kaɗan ta mutu. Aka kirawo wani makaniki na bakin hanya. Bai dubi tanki ba, bai taɓa matatar mai ba, ya saurari ƙarar kik sau biyu kawai ya ce, "Malam, ai injekta famfo ne ya tafi." Nan take ya kwance shi, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya warwatsa kayan cikinsa a kai, ga iskar hunturu tana kaɗa ƙura. Kafin ya gama rana ta take. Tumatir muka sauke wa wata mota, muka sayar yadda dillalai suka ga dama.

Motar ta tashi da yamma tana baƙin hayaƙi, bayan kwana uku ta sake mutuwa. Da aka ja ta zuwa Kano wurin masu na'urar gwada famfo, abin da mai gyaran ya fara yi shi ne ya zazzage matatar mai a cikin kwalba. Muka ga ruwa da laka sun kwanta a gindi, mai yana bisa. Ya ce da an zubar da wannan ruwa a bakin hanya, aka sa sabuwar matata, aka fitar da iska, da tuni mun kai kasuwa kafin hantsi. Famfon lafiyarsa lau ranar da mota ta mutu. Buɗe shi cikin ƙura da taɓa sukurorinsa shi ya kashe shi. Da muka bi sawu sai muka tarar direba ya sayi man a jarka wurin 'yan bumburutu, don ya rage wa ƙungiya 'yan nairori. Garin neman gira aka rasa ido.

Ra'ayina ke nan: famfon mai shi ne abu na ƙarshe da za a tuhuma, ba na farko ba. Kuma ya kamata kowace ƙungiya mai injin gas ta rubuta doka cewa ba mai buɗe famfo a gindin itace, ko wane ne shi.

ABIN DA FAMFON KE YI

Injin gas ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska kaɗai yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na yadda take, zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci ake fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Bajamushen nan Rudolf Diesel shi ya ƙago wannan dabara, injinsa ya yi aiki sosai a 1897. Kamfanin Bosch na Jamus ya soma ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927, shi ya sa injin ya yaɗu a manyan motoci, sa'an nan aka sa shi a ƙaramar mota, Mercedes-Benz 260 D, a 1936.

Aikin famfo uku ne. Yana auna man da kowace silinda za ta sha. Yana matsa shi da ƙarfi har ya buɗe bakin nozul ya fita kamar hazo. Yana kuma aika shi a kan lokaci, ba gaba ba baya. Ku dubi ƙarfin: tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska wajen ba 2 a ma'aunin matsi, amma nozul na tsohon injin ba ya buɗewa sai matsi ya haura ba 100.

Don a samu wannan ƙarfi, 'yar sandar ƙarfen da ke tura mai da gidan da take gudu a ciki an goge su tare, ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 cikin dubu na milimita ba. Gashin kan mutum ya fi wannan rata kauri sau kusan ashirin. Ashe ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta karce su. In sun karce, mai ya riƙa tsiyaya ta baya, ƙarfi ya ragu, kuma ba a gyara su sai a sake sabbi, biyun tare.

Famfon da muke gani a nan iri uku ne. Akwai mai jere, wanda kowace silinda ke da tata sanda, shi ne a manyan motoci, ɗan'uwansa mai sanda guda kuma shi ne a injin niƙa mai silinda ɗaya. Akwai mai juyawa, sanda ɗaya ko kai ɗaya yana raba wa duka, kamar CAV DPA na taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins, da Bosch VE da ire-irensa da ke cikin tsofaffin a-kori-kura da bas. Shi wannan man gas ɗin da kansa ne ke shafe cikinsa duka, ba baƙin mai ba, saboda haka ruwa ko kananzir na kashe shi da sauri. Na uku shi ne na sababbin motoci, wanda ya fara fitowa a ƙananan motoci a 1997, inda famfo ke tara mai a bututu guda, kwamfuta tana buɗe nozul. Matsinsa yakan kai ba 1,600 har 2,000 ko fiye. Wannan ba a taɓa shi sai da na'ura.

YADDA ZA A BI CIWO DAKI-DAKI

Likitan kirki ba ya fara da wuƙa. Haka mai gyaran kirki yakan fara da abu mai araha, ya gangaro zuwa mai tsada. Ga jerin da nake roƙo kowane direba da mai kula da injin niƙa ya haddace:

1. Tanki. Akwai mai kuwa? Kada ku dogara da allura, ku sa sanda mai tsabta. Ku buɗe murfi: in kun ji iska ta zuƙa, 'yar ƙofar numfashin murfin ta toshe, mai ba zai sauka ba.

2. Ruwa. Ku kwance sukurun da ke gindin matata, ku tara abin da ya zubo a farar kwalba, ku ajiye minti kaɗan. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta ƙasa.

3. Matatar mai. In mota tana tashi lafiya amma ta kasa a hawa ko da kaya, galibi matata ce ta toshe. A sake sabuwa. Ba a wanke ta takarda, ba a huda ta da ƙusa.

4. Iska a cikin mai. Tiyo da ya tsage, ko wasar da ta mutu, na iya zuƙar iska ko da mai bai ɗiga ba. A sa ɗan farin tiyo tsakanin matata da famfo, a duba kumfa. A sassauta sukurun fitar da iska, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure.

5. Makullin mai. A jikin famfo mai juyawa na mota akwai ɗan makulli mai aiki da wuta, waya ɗaya ke zuwa masa. In an murɗa mabuɗi ya kamata a ji ya yi ƙas. In bai yi ba, a duba fis da waya. Sau da yawa wannan 'yar waya ce ke sa a yanke wa famfo hukunci.

6. Batir da hita. Da sanyin safiyar hunturu, batir mai rauni ko hitar da ta ƙone na hana tashi, alhali famfo bai san abin da ake ciki ba.

7. Matatar iska. A ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa Maris, ita ce ke fara cikewa, balle injin da ke ɗakin niƙa ko masussuka.

8. Nozul. A tsohon injin kaɗai, yana aiki a hankali, a sassauta noti na bututun kowace silinda ɗaya bayan ɗaya, an rufe shi da tsumma. In ƙarar injin ta sāke, wannan silinda tana aiki. Wadda aka sassauta ba a ji bambanci ba, a nan ciwon yake. Kada a gwada wannan a sabon injin mai kwamfuta.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan: a duba matatar iska da nozul da nauyin kaya. Fari mai warin gas na nufin mai bai ƙone ba: iska a bututu, hita, saitin lokaci da ya goce, ko fistin da ba ya matsewa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, maganar ringi ce, ba ta famfo ba.

To, yaushe ne za a ce lalle famfo ne? In mai mai tsabta yana isa gare shi, ba iska, makulli na aiki, amma an sassauta bututun nozul an yi kik ba abin da ya fito. In mota tana tashi da sanyi, amma da ta yi zafi aka kashe sai ta ƙi tashi har ta huce: alama ce kan famfon ya cinye. In mai yana ɗiga daga jikinsa, ko baƙin mai yana ƙaruwa a sanda yana warin gas. In gudun injin yana hawa da sauka da kansa. In an ga garin ƙarfe mai ƙyalli a makullin mai. Waɗannan su ne shaidu. In babu ko ɗaya, a bar famfo ya huta.

Gargaɗi biyu don rai. Kada kowa ya sa hannu gaban nozul mai feshi, ko ya laluba ɗigo da yatsa injin yana aiki. Man yana huda fata, ramin ba ya ganuwa sosai, amma yana iya jawo a yanke yatsa. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan da nan, ko bai ji zafi ba. Na biyu, in injin ya ɓalle da gudu ya ƙi mutuwa, a toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ko riga ba.

IN YA TABBATA FAMFO NE

A nan ne makanikin gari yake da aikinsa. Ya wanke jikin injin tukuna. Ya juya shi zuwa alamar saiti, ya yi zane a jikin famfo da mazauninsa kafin ya kwance. Ya toshe kowace ƙofa da murfi ko leda mai tsabta. A naɗe famfon, a haɗa da nozul duka, a kai Kano wurin mai na'urar gwaji, wadda ke juya famfo tana auna man da kowane bututu ke fitarwa a cikin kwalabe masu ma'auni. Wannan awo ba a yin sa da kunne.

Wakilin ƙungiya ya tsaya a gwada a gabansa, kafin gyara da bayan gyara. Ya karɓo tsofaffin kayan da aka cire, da rasit. In za a sayi kaya a Kofar Ruwa ko Sabon Gari, a tafi da lambar da ke jikin farantin famfon, gama famfo biyu na iya kama da juna a ido amma saitinsu daban. Na kwance, wanda ake kira ɗan Kwatano, a gwada shi kafin a biya. Kuma kafin a mayar, a sauke tanki a wanke, a hure bututu, a sa sabuwar matata. Wanda ya ɗaura gyararren famfo a kan tanki mai laka, ya sayi gyara na biyu tun bai gama biyan na farko ba.

Akwai wani sukuru da masu ƙera famfo ke ɗaure wa hatimi, shi ke ƙayyade iyakar mai. Direbobi na son a buɗe shi wai mota ta ƙara ƙarfi. Abin da ake samu shi ne baƙin hayaƙi, da shan mai, da zafin da ke iya ƙona fistin. Hayaƙin nan kuɗin ƙungiya ne ke fita ta salansa.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Na san wani zai ce, "Malam, makanikin nan ɗanmu ne, shi ke tashi da tsakar dare in mun kira shi. Ka ce mu ƙwace masa abinci?" Ko kaɗan. Cikin abubuwa takwas da na jera, duka nasa ne, har da kwancewa da ɗaurawa da saiti. Abu ɗaya na ce a hana, buɗe cikin famfo inda ba ɗaki mai tsabta, ba na'ura. Laifin ma ba nasa ne shi kaɗai ba. Mu ne ba ma son biyan kuɗin bincike. In ya yi awa guda ya gano 'yar waya ce, sai mu miƙa masa kuɗin goro, in kuwa ya warwatsa ƙarafa a gabanmu sai mu ce ya yi aiki. Mu muka koya masa cewa a kwancewa ake samun kuɗi. Mu biya mai gano ciwo da kyau, ko da maganin na naira kaɗan ne.

Wani kuma zai ce man gidan mai ya yi tsada. Gaskiya ne. A Janairun 2022 lita ba ta kai naira 300 ba, kafin ƙarshen shekarar ta wuce naira 800, a 2024 ta haura naira 1,000. Amma tsadar nan ita ce ta sa masu gauraya suka ƙara samun riba, ita ce kuma ta sa ya kamata mu ƙara lura. Mai na jarka ba ka san inda ya kwana ba, ba ka san abin da aka zuba masa ba, in ya yi ɓarna ba wanda za ka kama. Ba na cewa kowane gidan mai tsarkakakke ne, amma yana da wuri, yana da rasit, gobe ma za ka same shi. Araha ba ta ado.

Akwai kuma masu cewa da can ana haɗa gas da kananzir ba abin da ya faru. Kananzir ba shi da santsi kamar gas, yana cin famfo a hankali, sai bayan watanni a ga sakamako. Ga wani abu kuma. A Disamban 2016 Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a rage sinadarin salfa a man gas da ake shigowa da shi, Nijeriya ta sa iyaka daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50. Wannan alheri ne ga huhunmu da injinanmu. Sai dai aikin cire salfa a matata yana rage wa mai santsinsa, shi ya sa ake ƙara masa maganin santsi. Wanda ya tsinka irin wannan mai da kananzir ya rage abin da da ma aka auna shi daidai.

DOKOKI BIYAR DA NAKE BA DA SHAWARA

Ina roƙon shugabanni da magatakarda su kawo waɗannan a taro na gaba, a tattauna, a rubuta a littafi.

Na ɗaya, mai daga gidan mai guda da aka sani, da rasit. Direban da ya saya a jarka, gyara a kansa.

Na biyu, in ana ajiya a duro, a sa shi a inuwa, a kwantar da shi a karkace, bakin zuba yana sama kaɗan, ya kwana ɗaya cur kafin a ɗiba, kuma kada a tatse na gindi. Kada a ajiye gas a mazubi mai rufin tutiya irin na bokitin kwano, gama mai yana cin tutiyar, ta je ta toshe nozul. Jarka da mazurari na gas su zama nasa shi kaɗai, a rufe.

Na uku, a cika tanki da yamma bayan aiki. Tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki da sanyin dare, gumin nan shi ne ruwan da muke gani. A zubar da ruwan gindin matata kowane mako, da damina kowace safiya.

Na huɗu, a sake matata a lokacin da littafin injin ya faɗa, a taraktoci da yawa awa 500 ne, a ƙurarmu kuwa gara a gaggauta. Kullum a ajiye sabuwa ɗaya da sifana a cikin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, kowane injin ya sami littafinsa: ranar da aka sha mai da inda aka saya, awa ko kilomita, abin da aka sake. Ma'aji kuma ya riƙa ware wani abu daga kowace jigila da kowane kwanon niƙa, a asusun gyara da ba a ranta wa kowa. Ƙungiyoyi uku ko huɗu na iya haɗa kai su tura saurayi ɗaya mai hankali ya koyi aikin gas a Kano, ya dawo ya riƙa duba na kowa.

'Yan'uwa, masana sun zo ƙasar nan sun yi mamakin manomanta. Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin ƙasar da ke kewaye da Kano, Frances Harris kuma ta auna gonaki a Tumbau a shekarun 1990, suka nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba, saboda taki da harawa da kula ta kullum. Manomin da ya san a ɗaure akuya a tara takinta, ya san a tsince tsakuwa kafin a kai hatsi niƙa, ba zai kasa tace mai ba. Bambancin kawai shi ne gona ta mutum ɗaya ce, mota kuwa ta kowa ce, abin kowa kuma shi ne kowa ke jiran wani ya duba. Saboda haka a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kowane injin, da sunansa a littafi, a riƙa tambayarsa a taro.

Ƙungiyar da na ba ku labarinta ta yi asarar ribar tumatir ɗin ranar, da kuɗin gyara biyu, da mako biyu mota tana ajiye a lokacin da kaya suka fi yawa. Abin da zai hana duk wannan, farar kwalba ce da matata ɗaya. Gobe da safe, kafin a ta da injin, ku tara abin da ke gindin matatarku ku ɗaga shi a hasken rana. Abin da kuka gani ku rubuto mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka.